Idan ruwa ya tsallaka fegin maƙwabci

Mu da muka taso tsakanin Kura da Bunkure mun san abin da ke haɗa manoman rani faɗa. Ruwan madatsar Tiga ya biyo kanal, ka buɗe don fegin shinkafarka, sai ya malala ya kwanta a tumatirin maƙwabci. To, masu gina shafukan intanet ma suna da irin wannan ciwon kai.

Yaren da ke ba shafi launi da tsari shi ne CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994. A cikinsa ana rubuta doka, a maƙala mata suna mai ɗigo a gaba, kamar .ja, ana kiransa aji. Duk rubutun da aka sa a ajin nan sai ya zama ja. A 2017 Adam Wathan na Kanada da abokan aikinsa suka fito da Tailwind CSS, rumbun irin waɗannan azuzuwa. Yana da umarnin @apply, wanda ke aro dokar wani aji ya zuba a wani. Da fari azuzuwa masu sauƙi kawai yake karɓa, sai a fitowa ta 2.0, cikin Nuwamban 2020, aka buɗe ƙofa ga kowane aji.

A nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka a shafin makarantarku an rubuta doka ɗaya ga abu biyu, waƙafi a tsakani: .ja, h1. Wato ajin ja da manyan kanun shafi. Daga baya malami ya mayar da kanun kore. Sai ɗalibi ya aro .ja don akwatin gargaɗi. Idan manhajar ta kwafi dokar ɗungurungum, h1 zai biyo ta, kwafin ya sauka a ƙasa. A CSS kuwa, idan dokoki biyu ƙarfinsu ɗaya, ta ƙasa ce ke cin nasara. Kanu duk sun koma ja, ɗalibin kuma ya rantse bai taɓa su ba, gaskiyarsa ce.

Gyaran shi ne a tsaga jerin a kan waƙafi, a riƙe ɓangaren da ke ɗauke da ajin da aka aro, a watsar da saura. Amma a kula: .akwati .ja ba waƙafi a tsakaninsu, ma'anarsa ja da ke cikin akwati. Wannan ba a raba shi, sunan ajin kaɗai ake musanyawa.

Ku gwada a kwamfutar makaranta: buɗe shafi, danna F12, zaɓi wani rubutu. Dokar da aka kayar za ku gan ta an ja mata layi a tsakiya.