Tabo a Zanen Gadon Masauki: Abin da Ilimin Kimiyya Ya Koyar

A ɗauka wani magidanci ne ya kwashi iyalinsa lokacin hutun ƙarshen shekara suka tafi Jos shan iska, ya kama musu gida irin wanda akan yi hayarsa na 'yan kwanaki, gadaje da kayan shimfiɗa duk na mai gidan. Kafin a ba shi mabuɗi sai da ya ajiye wasu kuɗi, bisa sharaɗin za a mayar masa ranar tafiya muddin ba a ɓata kome ba. A dare na biyu hunturu ya busar wa ƙaramin ɗansu hanci, ya yi haɓo cikin barci. Da asuba uwar ta tarar da jini a farin zanen gado da rigar matashin kai. Kunya da tsoron asarar kuɗin ajiya suka sa ta yi gaggawa: ta tafasa ruwa ta kwarara a wurin, ta dirje shi da sabulu, sa'an nan ta bi shi da dutsen guga don ya bushe kafin kowa ya gani. Da gari ya waye sosai, sai ga jan tabon ya koma ruwan ƙasa, ya zauna daram. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan baiwar Allah ta yi iyakar ƙoƙarinta, illa dai kowane mataki da ta ɗauka ƙara wa tabon ƙarfi ya yi. Da ta san abin da jini ya ƙunsa, da ruwan sanyi na famfo ya ishe ta. Irin wannan tsautsayi yana aukuwa a masaukin baƙi, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidajen 'yan'uwa idan an je ziyara, don haka ya kamata a san dalilin da ya sa tabo yake kama tufafi, da yadda ake raba su.

Yadda Tabo Yake Kama Yadi

Mafi yawan zannuwan gado da auduga ake saƙa su, ko auduga haɗe da zaren roba da ake kira foliyesta. Zaren auduga gashi ne da yake tsirowa a jikin angurya, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na nauyinsa wani sinadari ne mai suna selulos. Shi selulos abokin ruwa ne ƙwarai. Bugu da ƙari, tsakanin zare da zare akwai ƙananan ƙofofi masu jan ruwa, kamar yadda lagwanin fitila yake jan kananzir. Saboda haka duk abin da ya zube a zanen auduga, nan da nan zai nutsa ya bazu. Idan ruwan ya bushe, abin da yake ɗauke da shi sai ya maƙale a cikin zaren, shi ne ake kira tabo. Foliyesta kuwa ba ta shan ruwa sosai, amma tana riƙe mai, shi ya sa tabon man shafawa ya fi wuyar fita a jikinta.

Masana sukan kasa tabo gida uku: na furotin, kamar jini da madara da ƙwai da amai, na maiƙo, kamar manja da man gashi, da kuma na launin tsirrai, kamar shayi da goro da zoɓo da lalle. Kowane rukuni da maganinsa, kuma abin da ya fitar da wani yana iya zaunar da wani.

Jini da Danginsa

Jan launin jini daga wani furotin yake fitowa mai suna himogulobin, wanda yake cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe. Da zarar jini ya fita daga jiki, cikin 'yan mintoci wani furotin da yake narke a cikinsa yakan rikiɗe ya zama zarurruka masu kama da raga, ana kiransu faibirin. Wannan raga ita ce take tsayar da jini a bakin rauni, ita ce kuma take sarƙe zaren auduga. Idan aka daɗe, iskar oksijin ta yi aiki a kan ƙarfen nan, sai ja ya koma ruwan ƙasa.

Zafi babban abokin gaba ne a nan. Duk wanda ya taɓa soya ƙwai ya ga yadda farin ƙwai yake daskarewa idan ya ji wuta, kuma ba ya sake komawa ruwa. Wannan daskarewa takan fara ne daga wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Furotin ɗin jini ma haka yake yi, wato ruwan zafi dafa shi yake yi a cikin zaren, dutsen guga kuma ya ƙarasa aikin.

Abin da ya dace shi ne a yaye zanen nan take don kada jinin ya kai ga katifa, a juya bayansa a tara a famfon ruwan sanyi, ta yadda ruwan zai turo jinin ta hanyar da ya shiga. Idan ya riga ya bushe, a kankare abin da ya kankaru, a jiƙa cikin ruwan sanyi. Ɗaliban fiƙihu za su tuna cewa a hadisin Asma'u 'yar Abubakar game da jinin al'ada da ya taɓa tufa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an umurci a fara da kankarewa ne kafin a murza da ruwa a ɗauraye. Wannan jeri ya yi daidai da abin da ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje.

Idan saura ya rage, sai a nemi taimakon inzayim, wato irin furotin ɗin nan da yake hanzarta narkewar abinci a cikin hanji. A shekarar 1913 wani Bajamushe mai suna Otto Röhm ya yi rajistar dabarar wanke tufafi da inzayim da aka tatso daga saifar narkar da abinci ta dabbobi, wadda masana ke kira fankiriyas. A 1963 kamfanin Novo na ƙasar Danmak ya fito da irinsa da aka samo daga bakteriya, a 1988 kuma ya fito da mai narkar da maiƙo. Yau garin sabulu da yawa, wanda jama'a ke kira omo, yana ɗauke da su, kuma akan rubuta haka a jikin leda. Aikinsu shi ne su datse dogayen sarƙoƙin furotin guntu-guntu har ruwa ya iya tafiya da su. Suna bukatar lokaci, kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, cikin ruwan da bai wuce ɗumin jiki ba, domin tafasasshen ruwa su ma lalata su yake yi. Ba a jiƙa bargon ulu ko siliki a cikinsu, saboda waɗannan zarurruka su kansu furotin ne.

Akwai kuma ruwan haidurojin feroksaid da ake sayarwa a kantin magani, wanda Louis Jacques Thénard na Faransa ya gano a 1818. Idan aka ɗiga mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a kan jini sai ya yi kumfa, domin jajayen ƙwayoyin jini suna da wani inzayim, katales, mai farfasa shi ya zama ruwa da iskar oksijin. Yana kashe launin tabon a farin yadi, amma yana iya koɗar da mai launi, don haka a fara gwadawa a gefen da ba a gani.

Fitsarin Kwance

Yaron da ya kwana a baƙon wuri, ga gajiyar tafiya, yana iya jiƙa shimfiɗa. Likitocin yara sun ƙiyasta cewa kimanin 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 suna fitsarin kwance, kuma galibinsu sukan daina da kansu. Duka ko gori ba ya maganinsa. Kimanin kashi 95 cikin 100 na fitsari ruwa ne, sauran kuwa gishiri ne da wani sinadari mai suna yuriya. Sabon fitsari ba shi da zarni sosai. Zarnin yana tasowa ne bayan bakteriya sun farfasa yuriya ta zama amoniya, ta hanyar inzayim mai suna yuriyes, wanda James Sumner na Amurka ya tace a 1926, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1946. Ashe ke nan wanda ya ɗauraye zane da wuri ya riga bakteriya.

Katifa ce mai wuyar sha'ani, domin soso ba ya shiga bokiti. Kada a kwara mata ruwa, kada kuma a dirza, sai dai a ɗora busasshen tawul a danna da ƙarfi, a sauya, a sake dannawa har ya daina ɗauko danshi. Sa'an nan a shafa ruwa kaɗan mai ɗan sabulu, a sake tsanewa, a jingine ta a rana ko gaban fanka. Katifar da aka rufe da danshi funfuna take yi.

Maiƙo

Ruwa da mai ba sa haɗuwa, sabulu ne ɗan tsakani. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Wutsiyoyin sukan nutse cikin ɗigon mai su kewaye shi, kawunan suna waje, sai ruwa ya kwashe su gaba ɗaya. A nan hukuncin ya juya, ruwan ɗumi ake so, domin yana sassauta mai. A fara danne wurin da takarda mai shan ruwa, ko a barbaɗa garin sitaci ya tsotse, sa'an nan a shafa sabulun wanke kwanuka a bar shi ɗan lokaci kafin a ɗauraye. Jan launin da manja yake bari na sinadarin karotin ne, kuma hasken rana yana kashe shi sannu a hankali, don haka a shanya a rana.

Launin Tsirrai

Shayi da gahawa da goro suna ɗauke da dangin sinadarin tanin, irin wanda yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Idan aka ɓare goro aka ajiye, gefen yakan yi ja ya duhunta saboda haɗuwarsa da iska, haka ma tabonsa yake ƙara duhu idan ya kwana. A ɗauraye da ruwa tun yana ɗanye, a bi da garin sabulu. Sabulun sanda, da duk abin da yake da ɗabi'ar kanwa ko toka, yana iya ƙara duhunta irin wannan tabo, ɗan ruwan lemun tsami kuwa yakan taimaka. Zoɓo yana da launi mai suna antosayanin, wanda yake ja a cikin tsami, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore idan ya gamu da kanwa. Wanda ya ga tabon zoɓo ya sauya launi da shafa sabulu kada ya firgita. Lalle kuwa rini ne sosai, yana kama furotin ɗin fata da gashi da ulu, kuma ko a auduga ya kwana da wuya ya fita duka. Matar da ta yi ƙunshi gara ta shimfiɗa nata zanen.

Hattara da Bilic

A 1774 Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ya gano iskar kulorin, daga baya Claude Berthollet na Faransa ya sarrafa ta ta zama ruwan faranta tufafi a Javel, kusa da Faris, sunan da ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kiran bilic da shi har yau. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana da haɗari. Idan ya haɗu da amoniya, irin wadda take cikin tsohon fitsari, yakan fitar da iska mai ƙona ido da huhu. Idan ya haɗu da abu mai tsami, kamar lemun tsami ko ruwan wanke masai, kulorin ce kanta take tashi. A rufaffen banɗakin masauki wannan yana iya kai mutum asibiti. Daɗin daɗawa yana cinye launi, yana raunana zare, kuma tabon furotin da ba a ɗauraye ba yakan mayar da shi rawaya. Baƙo ya bar wa mai gida wannan mataki.

Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Bayan ɗauraya da ruwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne a sanar da mai gida ko mai kula da ɗakuna, a faɗa masa abin da ya zube da abin da aka riga aka shafa. Wanda ya cusa zane ƙarƙashin sauran kaya ya yi shiru, ya sa mai wanki zai jefa shi cikin ruwan zafi bai sani ba, zanen ya lalace, wani lokaci ma a ɗora wa ma'aikacin laifi a zaftare masa albashi. Ga kuma batun lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Mai wankin da yake da tsaga a hannu yana da haƙƙin ya san jini zai taɓa, don ya sa safar hannu. Haɓo da jinin al'ada da fitsarin yaro duk aikin jiki ne, masu masauki sun saba ganinsu, kuma tabon da aka kai musu da wuri galibi yana fita ba tare da an taɓa kuɗin ajiya ba.

Gwaji Don 'Yan Makaranta

Malami yana iya tabbatar wa ɗalibansa wannan bayani da kayan da ba su da tsada. A yanka farin yadin auduga gida huɗu, a shafa wa kowane ruwan jinin da ya tsatso daga ɗanyen naman da aka sayo a mahauta, a bar su minti 10. Kada a yi amfani da jinin mutum ko kaɗan. Na farko a tsoma shi a ruwan sanyi, na biyu a ruwan zafi, na uku a ruwa mai ɗan ɗumi da garin sabulu mai inzayim, na huɗu a bar shi yadda yake don a riƙa gwada sauran da shi. Bayan rabin sa'a a ɗauraye ukun farko, a shanya a inuwa, ɗalibai su jera su daga mai haske zuwa mai duhu, su rubuta dalili. Sa'an nan a ɗiga haidurojin feroksaid a kan ɗanyar hanta da kuma dafaffiya. Ɗanyar za ta yi kumfa, dafaffiyar kuwa shiru, domin wuta ta riga ta lalata inzayim ɗin da yake cikinta. Malami ne zai riƙe butar ruwan zafi, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama.