Ƙofar Mazugal Ma Makaranta Ce Ga Mai Koyon Aikin Jarida

Tun daga 1939, sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, aikin jarida ya zama sana'a a ƙasar Hausa. Yau kuwa har a jami'a ake koyonsa, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano. Amma akwai wani fanni da ɗalibai da yawa suke rainawa, watau ba da labarin al'adu da sana'o'in gargajiya. In an aiki yaro wurin hawan Salla, sai ya komo ya rubuta cewa an yi kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, shi ke nan. Bai faɗa mana ko kakaki aka busa ko algaita ba, balle sunan mabushin.

To, ina magani? Mu a ganinmu, malami ya fitar da ɗalibansa daga aji. Ba sai an je nesa ba, Ƙofar Mazugal ta isa.

Da farko ya tsai da su a bakin ƙofar, ya nuna musu abin da ya rage na ganuwa, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginawa. Sa'an nan su juya wajen mayankar da ke kusa. Wani zai ce, me ya haɗa mayanka da al'ada? Ai kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Ɗalibin da ya zauna da makaɗi, ya tambaye shi taken kowane kiɗa da wanda ake yi wa, ya sami labarin da ba ya cikin littafi.

Daga nan sai su bi fatar akuya guda. Za ta kai su majema, inda ake jima da toka da bagaruwa. Za ta kai su wurin dukawa masu ɗinka alabe da takalma da kayan doki. Ƙarshe ta kai su Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, domin ta can take isa gare su. Kun ga hasarar wanda bai rubuta labarinsa da kansa ba.

Abu uku malami zai nace a kai. Ɗalibi ya gaida mai sana'a da ladabi, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Ya kira kowane abu da sunan da masu shi suke kiransa. Ya kuma rarrabe abin da ya gani da wanda aka gaya masa, gama gani ya kori ji.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Baƙi za su zo su rubuta nasu. In 'ya'yanmu ba su iya ba, tsofaffin da suka san abin za su wuce da shi. Malamai, wannan aiki yana wuyanku. Allah ya taimake mu, amin.