Sabunta manhaja: Alhakin wa ne idan aka samu tangarɗa?

A watan Mayun 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amince cewa tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, bayan an kasa ɗora wani gyaran manhaja a wasu kwamfutocin jarrabawa.

Aikin kashi biyu ne. Mai rubuta manhaja ke samar da gyara, ya gwada shi, ya bayyana abin da ya sauya. Mai kula da na'urori ke adana bayanai, ya ɗora gyaran, ya tabbatar ya isa kowace kwamfuta.

A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar yau da kullum. A cibiyoyin Jihar Katsina da ɗaliban Yasore ke zuwa rubuta jarrabawa, sauya manhajar na wuyan masu kula da na'urorin.