Kimiyya A Makarantu Da Masana'antun Kakuri

A shekarar 1977 ne Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifi tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Nufin hukuma shi ne kowane yaro ya taɓa zarto da guduma da wayar lantarki tun yana ƙaramar sakandare, kafin ya zaɓi hanyar da zai bi.

A Kaduna ta kudu maganar ba ta bukatar dogon bayani. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri tun 1957, kamfanin Peugeot kuma ya soma harhaɗa motoci a nan a 1975. Ɗalibin da ke Makera ko Barnawa yana jin jiniyar masana'anta daga gidansu, ya kuma san inda ilmin zai kai shi.

Sai dai an sa keke gaban doki. An sayo injunan koyarwa daga ƙasashen Gabashin Turai, amma a makarantu da dama sun yi shekaru cikin akwatuna, domin babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da ya iya sarrafa su. Abin da ya ɗan rufa asiri shi ne ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masu kimiyya, inda ɗalibai kan ƙera abu da hannunsu su shiga gasa da shi.

Masaƙar kuwa an rufe ta a 2002, lokacin da yaran farko na tsarin suka kai ƙarfin aiki.