Kafin Ka Sayar Da Tsohuwar Kwamfutarka

A shekarar 2003, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana abin da suka gani bayan sun sayi faya-fayan ajiyar kwamfuta na hannu guda 158. Daga cikin 129 da ke aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata. A sauran sun tsinci bayanan asibiti, wasiƙun sirri da lambobin katin banki sama da 5,000.

Me ya jawo haka? Idan ka goge fayil, har ka zubar da kwandon sharar, kwamfuta ba ta taɓa shi ba. Sunansa kawai ta cire daga rajistarta, ta rubuta cewa wurin ya zama fili. Tamkar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya a littafi, alhali kayansa na nan jibge a ɗaki har sai wani ya tare. Kafin sabon abu ya hau wurin, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda ake saukewa kyauta, suna iya dawo da hotunan iyali da takardun banki. Fomatin gaggawa ma, wanda mutane suka fi dogara da shi, rajistar kawai yake sabuntawa.

Maganin shi ne a danne tsohon rubutu da sabo, wato a bi faifan kaf a cike shi da sifili. A 1996 Peter Gutmann na New Zealand ya fito da tsarin dannewa sau 35, kuma har yau akwai masu ɓata dare a kansa. Wahalar banza ce: hukumar NIST ta Amurka ta nuna cewa sau ɗaya ya wadatar ga faya-fayan zamani. Tun daga Windows Vista, cikakken fomatin yana yin wannan aikin, sai dai yana cin lokaci.

Faya-fayan SSD da filashi kuwa halinsu daban. Suna rarraba rubutu wuri-wuri don kada sashe ɗaya ya riga saura lalacewa, saboda haka dannewa kan tsallake wasu lunguna. Ga SSD, a nemi manhajar sharewa ta kamfanin da ya ƙera shi. Wayoyin zamani kuma suna kulle bayanai da mabuɗin sirri. Idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi, bayanan ba sa karantuwa. Amma katin memori galibi ba ya cikin wannan kariya.

Don haka jama'a, kafin waya ta tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko hannun mai gyara, a zare memori. Kwamfutar da za a sayar ko a bayar kyauta, a kwashe abin da ake buƙata, a danne faifanta tukuna. Wadda ta mutu kuma, a ciro faifan a fasa shi da guduma.