Mai Koyon Haɗa Na'ura da Netwok, Ya Fara da Kebul

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Makola da ke Akara ya shiga Zongo Lane ya san shagunan nan da ke cike da ƙananan kayan lantarki, inda ake sayar da tiransisto da dalma da wayoyi ƙulli-ƙulli. A irin waɗannan shaguna da kuma na intanet ne samarin Nima da Maamobi masu sha'awar ƙere-ƙere suke samun allon farko na maikurokontirola, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa umarni ta bi. Yaro zai kunna ɗan ƙwan fitila ya kashe, ya auna zafin ɗaki, ya sa ƙararrawa ta yi kuka. Da zarar hannunsa ya faɗa, sai ransa ya biya ya ga wannan awon a wayarsa ko a kwamfuta ba tare da ya tsaya a kan na'urar ba. A nan ne hanya take rabuwa biyu, kuma mafi yawa sukan ruga zuwa WiFi domin shi ne abin yayi. Ra'ayina shi ne mai koyo ya fara da kebul, wato Ethernet, domin kebul yana koyar da abin da iska take ɓoyewa, kuma ya fi dacewa da irin unguwannin da muke zaune a ciki.

Ethernet tsohon hannu ne. Robert Metcalfe ne ya zana tsarinsa a shekarar 1973 a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a Amurka, suka gina shi tare da David Boggs, sannan a 1983 hukumar IEEE ta amince da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba 802.3. Daga 1990 ya koma kan kebul mai murɗaɗɗun wayoyi irin wanda ake gani yau a bayan kwamfutocin banki da ofis, wanda yake ɗaukar saƙo tsawon mita 100 ba tare da an ƙara masa komai ba. Shi kuwa Arduino, allon da yawancin masu koyo suke farawa da shi, an haife shi a garin Ivrea na Italiya a 2005. Nau'insa da aka fi sani, Uno, yana da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobayit 2 kacal, kuma ba shi da ƙofar netwok ko ɗaya. Sai an ɗora masa wani ɗan allo mai ramin kebul kafin ya iya gaisawa da wata na'ura. Wannan ɗorawar ita ce darasin da nake magana a kai.

Hujjata ta farko ita ce kebul yana raba matsala gida-gida, ta yadda mai koyo zai san inda ya yi tuntuɓe. Idan ya soka kebul a rami, akwai 'yar fitila da take kamawa. In ba ta kama ba, laifin yana wajen kebul ko wuta, babu ruwan umarnin da ya rubuta. In ta kama, sai a koma batun suna da masauki, kuma ɗan zango ba ya bukatar dogon bayani a nan. Kowace na'ura tana da lamba ta kanta mai bayit 6 da ake kira MAC, kamar sunan da aka raɗa wa mutum ran suna, yana tafe da shi duk inda ya je. Amma baƙon da ya sauka a zango, sunansa kaɗai ba ya isa a kai masa saƙo, sai mai masauki ya ba shi ɗaki. Ɗakin shi ne adireshin IP, mai masaukin kuma shi ne rauta, tsarin rabon ɗakunan kuwa shi ake kira DHCP. Idan na'ura ta nuna adireshinta 0.0.0.0 ne, ma'anarsa tana tsaye a ƙofar gida da kayanta ba wanda ya amsa mata sallama. In ta sami adireshi irin 192.168.1.50, sai a buga mata umarnin ping daga kwamfuta, wanda bai wuce a yi sallama a jira amsa ba. Mataki huɗu ke nan a jere, kowanne da alamarsa. A WiFi kuwa duk suna dunƙule a cikin jimla guda, wai haɗi bai yiwu ba, mai koyo ya rasa ko kalmar sirri ce, ko nisa, ko bango, ko cunkoso.

Zaɓen ɗan allon da za a ɗora ma darasi ne mai zaman kansa. Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai ENC28J60 na kamfanin Microchip, wanda ya fi araha, sai kuma W5100 da ƙanensa W5500 na kamfanin WIZnet na Koriya ta Kudu. Bambancinsu yana cikin lissafi mai sauƙi. Ƙunshin saƙo guda na Ethernet yana iya ɗaukar bayit 1500, Uno kuwa gaba ɗaya abin da yake da shi bayit 2048 ne. ENC28J60 yana karɓo saƙon ne ya miƙa wa Uno ya warware da kansa, kamar a ɗora wa yaro buhun masara a ce kuma ya yi lissafin ciniki yana tafe. Shi kuwa W5500 a cikinsa ake yin wannan aikin, yana da tasa ma'ajiyar ta kilobayit 32, kuma yana iya riƙe hira takwas a lokaci guda. Saboda haka mai koyo ya daure ya ƙara 'yan sidi ya sayi W5500, domin araha ba ta ado. Haɗin kansa wayoyi huɗu ne na tsarin SPI, a ƙafa ta 10 da 11 da 12 da 13 ta Uno, sai na wuta da na ƙasa. Kurakuran da ke hana mutane barci ma sanannu ne. Ƙafar Uno mai ba da bolt 3.3 an ƙayyade mata miliamfa 50, alhali waɗannan allunan suna jan fiye da 100, don haka sai a ga na'ura tana aiki tana ɗaukewa. Wani kuma zai kwafi lambar MAC da ke cikin misalin koyo, mai farawa da DE AD BE EF, ya sa wa alluna biyu a gida ɗaya, sai saƙo ya rasa wanda zai je wa, kamar tagwaye masu suna ɗaya.

Sai kuma matse kan kebul, wanda sana'a ce ta hannu. Za a feɗe rigar kebul kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a ga wayoyi takwas an murɗe su biyu-biyu. A warware su, a miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni, a jera su bisa tsarin da aka fi bi: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A datse bakinsu daidai wa daida, a tura cikin kan roba mai suna RJ45 har sai an hango jan ƙarfen kowace waya ya taɓa ƙarshe, sannan a matse da filaya har ta yi ƙas. Murɗin nan ba ado ba ne, shi yake kashe hayaniyar lantarki da kebul yake kwasowa a hanya, shi ya sa ba a warware shi fiye da kima. Wanda ya lalata kai biyar kafin ya gyara na shida ya koyi abin da ba zai manta ba, kuma wannan hannun ne za a biya shi kuɗi a kansa gobe.

Hujja ta biyu tana cikin yanayin unguwanninmu. Nima da Maamobi gidaje ne manne da juna, rufin kwano, shagunan kwantena na ƙarfe, ga kowane ɗaki da wayar da ke raba intanet. Ƙananan allunan WiFi masu araha suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda hanyoyi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, ƙarfe kuma yana tare siginar rediyo. Na'urar da aka sa a cikin kwantena ko kusa da firizar mai sayar da kifi da kaji tana iya rasa sigina a daidai lokacin da ake bukatarta. Kebul bai san cunkoso ba. Bayan haka akwai wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato netwok daban, intanet daban. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul na ƙarƙashin teku da suka haɗa da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun sami matsala, intanet ya durƙushe a Gana da maƙwabtanta. Duk na'urar da sai ta aika awonta wata saba, wato babbar kwamfutar ajiya, a Turai kafin mai ita ya gani, a irin wannan rana ta zama kurma. Amma allon da ke manne da suwic na cikin gida, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori, yana ɗauke da ɗan shafinsa da ake buɗewa a burauza, zai ci gaba da faɗin yawan ruwan da ya rage a tankin saman gida ba tare da an sayi data ta pesewa ɗaya ba. Ga waɗanda suka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, akwai ƙarin alheri: ƙa'idar PoE ta 2003 ta ba da damar tura wuta har wat 15.4 ta cikin kebul ɗin saƙo, don haka batir guda a wajen suwic yana iya riƙe na'urori da dama idan an ɗauke wuta.

Mai ja zai ce ai allunan ESP8266 da ESP32 na kamfanin Espressif sun zo da WiFi a jikinsu, kuma sau da yawa kuɗinsu bai kai na Uno da ɗan allon kebul a haɗe ba. Wannan gaskiya ne, kuma duk abin da yake yawo, ko yake nesa da inda kebul zai kai, WiFi ne maganinsa. Sai dai ana maganar inda za a fara ne. Adireshi da mai masauki da sallama da amsa duk iri ɗaya ne a kebul da iska, wanda ya gane su a inda ake ganinsu da ido zai koma WiFi cikin yini guda, gani ya kori ji. Shi kansa ESP32 an gina shi da sashen Ethernet a ciki, ana ƙara masa guntu irin LAN8720 ya hau kebul, alamar cewa masu ƙera shi ma ba su ɗauki kebul a matsayin kayan da aka daina yayi ba.

Wani zai ce kebul wahala ne, ɓera yana ci, ruwa yana shiga, ga tsawa a damina. Shi ma bai yi ƙarya ba. A ramin Ethernet akwai ɗan taransifoma da ke raba na'ura da layi har bolt 1500, amma wannan ba ya tsayar da aradu, don haka kuskure ne a rataya kebul a sarari daga wannan rufi zuwa wancan. A sa shi cikin bututun roba, a nisanta shi da wayar wutar gida, in kuma tsakanin gini biyu ne a nemi wanda ya san aikin. Kasuwannin Akara sun ga gobara iri-iri, ta Kantamanto a farkon Janairun 2025 ta cinye shaguna masu yawan gaske, don haka duk wanda zai ja waya a kasuwa amana ce a wuyansa. Na'urar jin hayaƙi da ɗalibi ya haɗa tana da kyau wajen koyo, amma kada a jingina dukiyar mutane a kanta a madadin wadda aka gwada aka tabbatar. Haka kuma batun tsaro. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci da masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba, aka yi amfani da su wajen toshe manyan shafukan duniya. Ƙaramin allo irin Uno ba shi da ƙarfin ɓoye saƙo yadda ya kamata, saboda haka a bar shi a netwok na cikin gida, kada a buɗe masa ƙofa zuwa waje.

Iyaye kuma tambayarsu ɗaya ce, shin wannan abin yana kawo abinci? Su dubi kyamarorin tsaro na zamani a shaguna da masallatai, da kwamfutocin bankuna da asibitoci, da injinan masana'antun Tema. Mafi yawansu a kan wannan kebul suke magana, kuma kowannensu sai an sami mai ja, mai matsewa, mai raba adireshi, mai gano inda ya lalace. Gana tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta Yamma da suka sami cikakken intanet, a 1995, ta hannun Farfesa Nii Quaynor da kamfaninsa Network Computer Systems, kuma injiniyoyin da suka san waya da adireshi ne suka yi aikin. Jami'ar Fasaha ta Akara tana nan dab da Makola, ga kuma cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da aka buɗe a 2003 da haɗin gwiwar Indiya, ga mai son ya zurfafa.

Don haka ɗan'uwa mai koyo, da 'yar'uwa mai koyo, kayan farawa ba su da yawa: allo ɗaya, W5500 ɗaya, kebul mita biyu, da tsohuwar rauta ko da babu intanet a kanta. Ku fara da ganin fitila ta kama, ku sami adireshi, ku yi sallama a amsa muku, sannan ku sa zafin ɗaki ya fito a burauza. Malaman makarantun zango da shugabannin ƙungiyoyin matasa kuma, ku tanadi suwic ɗaya da filaya ɗaya da teburin da yara biyar za su zauna, ku bar su su lalata kawunan kebul har su iya. Sai an yi rarrafe ake miƙewa.