Aibin da ya zama ado a tsofaffin gilasan kyamara

Gilashin kyamara na zamani ba ya rufa wa fuska asiri. Ƙurji komai ƙanƙantarsa sai ya fito da shi ƙarara. Shi ya sa masu ɗaukar hoto da dama suka koma farautar gilasan da suka girme su, suna ɗaura su a kan kyamarorin yau da ɗan zoben haɗi mai araha.

Abin da ake yabawa a jikinsu kuwa, a wurin maƙeransu aibi ne da ya gagari gyara. A 1840 Joseph Petzval, malamin lissafi a babban birnin Ostiriya, ya tsara gilashi mai zuƙar haske da yawa, har aka rage wa mutane dogon zama a gaban kyamara. Tsakiyar hoton takan fito tar, gefe-gefe kuma ya yi dishi-dishi. Tun da fuska a tsakiya take, ba wanda ya damu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo a hannun mutane yau shi ne Helios-44 mai milimita 58. Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayo shi daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, ta ƙera miliyoyi don kyamarorin Zenit. A tsayar da mutum nesa kaɗan da bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, a buɗe gilashin har ƙarshe, sai a ga bayansa yana juyawa kamar guguwa, shi kuma yana tsakiya daram. Dalili shi ne jikin gilashin yana tare wani sashe na hasken da ke shigowa ta gefe, sai ɗigon hasken da ya kamata ya zama da'ira ya tsuke, ya jeru a kewaye. Yana da kyau, amma in ya yi yawa, ido yakan bar mutumin ya bi ganye.

Akwai kuma batun shafi. A 1935 Alexander Smakula na Zeiss ya samar da dabarar shafa wa gilashi abin da ke hana haske warwatsuwa a cikinsa. Shafin tsofaffin gilasai bai kai na yau inganci ba, don haka inuwa ba ta yin baƙi ƙirin, fata kuma takan yi laushi. A ganina a nan mai ɗaukar baƙar fata a ranarmu mai ƙarfi zai yi hattara: in ya fuskanci rana kai tsaye, fuskar toka-toka za ta fito. Gara inuwa ko hasken la'asar sakaliya.

Wasu gilasan Super-Takumar na Japan kuma an sa musu sinadarin toriyam, wanda kan mayar da gilashin ruwan ɗorawa da tsufa, launin kuma ya bi hoton.

Duk waɗannan da hannu ake saita su, sai an yi haƙuri. Mai saye kuma ya haska tocila ta ciki tukuna, domin danshin damina kan haifar da fumfuna mai cin shafin gilashi.